Ƙarar Ba ta Rediyo Ba Ce

Shekara talatin da uku ya yi yana tsaron tiransimita a bayan gari, a wani gini da ke tsakanin dogayen turakun ƙarfe, kafin ya yi ritaya. A tsawon wannan lokaci ya tabbatar da wani abu da mutanen gari ba su cika yarda da shi ba, wato rediyo ba ya ƙara. Abin da ke fita daga eriya ya keta daji da tsauni har ya isa ƙauyuka, kunne ba ya jin sa. Gunjin da ake ji a ɗakin tiransimita na fankoki ne da injin sanyaya, muryar da ake ji a gida kuwa aikin lasifika ne. Saboda haka ranar da ya raka 'yarsa da jikarsa asibiti, ya karanta a wata takarda da aka liƙa a bango cewa na'urar MRI da maganaɗisu da igiyar rediyo take aiki, sai ya sunkuya ya ce wa yarinyar: “Amarya, kada ki ji tsoro. Wannan tsohon abokin aikina ne, na san halinsa, ba ya magana.”

Yarinyar shekararta huɗu. Sau uku ta faɗi cikin wata biyu, jiki na karkarwa, idanu a kafe. Likita ya ɗora ta a kan magani, ya kuma ce yana so ya ga hoton ƙwaƙwalwarta. Tafiyar awa huɗu suka yi a mota, bayan an harhaɗa kuɗin hoton daga hannun mutum uku. An sa dattijon ya ajiye agogo da makullai, aka yi masa tambayoyi a kan ko akwai ƙarfe a jikinsa, sannan aka bar shi ya shiga ya riƙe mata ƙafa. An toshe mata kunnuwa, an kwantar da ita, gadon ya zura a hankali cikin ramin.

Sai na'urar ta soma. Da fari kamar ana ƙwanƙwasa ƙyauren kwano, daga baya kamar maƙera goma sun taru a kan uwar maƙera ɗaya. Yarinyar ta ƙwalla ihu, ta fizge kai. Aka lallashe ta aka sake gwadawa, ta sake fizgewa. Ma'aikacin ya kashe, ya ce hoton da aka motsa a cikinsa ba ya karantuwa, sai dai su dawo bayan mako uku, ranar da likitan da ke sa barci zai samu sarari. A cikin mota ba ta kula kakanta ba sai da suka kusa gida, ta ce: “Kaka, kai ka ce ba ya magana.”

Kafin su bar asibitin ya samu ya tare ma'aikacin a bakin ƙofa. “Ɗana,” in ji shi, “na tsufa da igiyar rediyo, ban taɓa jin ta buga ƙarfe ba. Mene ne ke bugawa a cikin nan?” Matashin ya yi murmushin gajiya. “Gaskiyarka, Baba. Rediyon ba ya ƙara. Akwai wasu kwayil uku a cikin bangon na'urar, su ne ke sanar da ita daga ina saƙo ya fito. Su ke bugawa.” Akwai layi a bayansu, bai ƙara da komai ba.

Wannan kalma ta “ina” ita ta zauna wa dattijon a rai. Akwai wani ɗan maƙwabcinsa na dā, wanda tun yana yaro yake zuwa tsintar tsofaffin wayoyi a shagonsa, yanzu kuma yana koyar da kimiyyar fiziya a wata jami'a. Shi ya kira. Malamin ya riƙa aiko masa da takardun bincike ta waya, dattijon yana karantawa da tabarau biyu bayan sallar isha'i, abin da ya gagare shi su tattauna washegari.

Tushen al'amarin bai ba shi wahala ba, domin da harshen sana'arsa aka rubuta shi. Jikin mutum yawancinsa ruwa ne, kuma a cikin kowace ƙwayar haidurojin ta ruwan akwai wata 'yar cibiya mai halin allurar kamfas. In aka sa ta cikin maganaɗisu mai ƙarfi, tana da saurin kaɗawa nata na musamman, megahas 42.58 ga kowane tesla ɗaya na ƙarfin maganaɗisun. Na'urar da aka sa jikarsa mai tesla 1.5 ce, ƙarfin da ya ninka na maganaɗisun duniya kamar sau dubu talatin, saboda haka ƙwayoyin suna kaɗawa a wajen megahas 64, ƙasa kaɗan da inda tashoshin FM ke farawa. Ana harba musu igiyar rediyo a daidai wannan sauri, su karkata, a ɗauke, su kuma su mayar da amsa mai rauni wadda eriya ke kamawa. Tiransimita da rasiba ke nan, babu abin da bai sani ba.

Amma nan take ya ga matsalar, tun kafin takardun su ambace ta. Igiya mai megahas 64 tsawon zangonta a iska ya kai kusan mita biyar. Duk wanda ya taɓa auna eriya ya san igiya mai wannan tsawo ba ta iya bambance wurare biyu da tazarar milimita ke tsakaninsu. Ƙwayoyin goshi da na ƙeya duk a tasha ɗaya suke magana, a lokaci ɗaya, da murya ɗaya. Rasiba tana jin hayaniyar kasuwa, ba ta san rumfar da kowace murya ta fito ba. Masana sun san wannan amsa ta ƙwayoyi tun 1946, lokacin da ayarin Felix Bloch da na Edward Purcell suka gano ta kowanne a nasa wurin a Amurka, amma fiye da shekara ashirin da biyar tana amfani ne wajen gane sinadarai a cikin kwalba, ba wajen ɗaukar hoto ba.

Wanda ya warware ƙullin shi ne Paul Lauterbur, masanin sinadarai a Stony Brook ta jihar New York, a wata gajeriyar takarda da mujallar Nature ta buga a 1973 bayan ta fara ƙin karɓar ta. Dabararsa ita ce a ɓata daidaiton maganaɗisun da gangan, a sa shi ya ɗan fi ƙarfi a wani gefe, ya riƙa raguwa a hankali zuwa ɗaya gefen, kamar gangare. Tun da saurin kaɗawa yana bin ƙarfin maganaɗisu, sai ƙwayoyin hagu su koma wata tasha, na dama wata. Dattijon ya ce wa malamin: “Dakta, ashe mutum ake mayarwa fuskar akwatin rediyo, kowane yanki nasa da inda allura ke samun sa.” Hoton farko na Lauterbur na wasu siraran bututu biyu ne masu ruwa. Ya raɗa wa dabarar suna daga kalmar Girkanci zeugma, mai ma'anar abin da ke haɗa biyu kamar karkiyar shanun noma, domin ya haɗa igiyar rediyo da gangaren maganaɗisu su ja garma ɗaya. Sunan bai yi rai ba, kamar yadda yawancin kalmomin da masana ke ƙerawa a kan teburi ba sa yi, kuma ko sunan da ya maye gurbinsa sai da aka cire masa kalmar nukiliya domin tana tsorata marasa lafiya. Dabarar kuwa ta rayu. Richard Ernst da abokan aikinsa a Zurich suka shigo da lissafin Fourier cikinta a 1975, Peter Mansfield na Nottingham ya nuna yadda za a hanzarta ta, shi da Lauterbur suka raba kyautar Nobel a 2003.

Kwayil ukun da ma'aikacin asibiti ya ambata su ne ke yin wannan gangare, ɗaya daga hagu zuwa dama, ɗaya daga gaba zuwa baya, ɗaya daga kai zuwa ƙafa. Gangaren ƙanƙane ne in aka kwatanta da babban maganaɗisun, sai dai kafa shi na bukatar ɗaruruwan amfiya na lantarki, kuma ana kunna shi ana kashewa cikin abin da bai kai kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ba. Hoto mai layi 256 a hanyar da aka saba yana bukatar a maimaita awon sau 256, kowane karo da gangare dabam. Waya mai ɗauke da lantarki a cikin maganaɗisu kuwa dole ta motsa. Da ya kai nan dattijon ya ajiye wayar ya yi dariya shi kaɗai, domin wannan ita ce ainihin ka'idar lasifika: kwayil a cikin maganaɗisu, lantarki na shiga yana fita, kwayil na rawa. Ashe jikarsa a cikin wata ƙatuwar lasifika aka kwantar da ita. Ƙarar kan haura desibel 100, ta kuma fi haka a na'urori masu tesla 3. Bai yi wa yarinyar ƙarya a kan rediyo ba, abokin karkiyarsa ne bai sani ba.

Ranar komawa ta zo. An hana yarinyar abinci tun dare, an sa mata allura a bayan hannu, ta yi laƙwas, uwarta ta juya fuska ga bango. Wannan karon dattijon ya lura da wani abu da tashin hankalin ranar farko ya hana shi gani, wato wani kwando mai kama da hular kwano da aka kifa a kan yarinyar. Ma'aikacin ya ce masa eriyar karɓa ce, kuma ba ɗaya ba ce, ƙananan eriyoyi ne da dama a jere kewaye da kai.

A nan ya fara cin karo da abin da malamin ya ce shi ne ainihin abin da ya kamata ya karanta: yunƙurin sa rediyon kansa ya amsa tambayar “ina”. Ƙaramar eriya da aka manna a jiki ta fi jin abin da ke kusa da ita, jin nata na dusashewa da nisa. Tsawon zango ba ya hana wannan, domin a dab da eriya siffar wayar ce ke hukunci. In aka jera irinsu takwas ko talatin da biyu, kowace tana jin kan ta nata ɓangaren, bambancin abin da suka ji shi kansa labari ne a kan wuri, kamar yadda mutum ke gane inda aka kira shi saboda kunnuwansa biyu ba su ji daidai ba. An fara jera eriyoyi haka a 1990 don ƙara tsabtar hoto. Daniel Sodickson da Warren Manning a Boston a 1997, sannan Klaas Pruessmann da abokan aikinsa a Zurich a 1999 da hanyar da suka kira SENSE, suka nuna cewa za a iya tsallake rabin layukan da gangare ke aunawa ko fiye, a bar lissafi ya cike giɓin daga bambancin jin eriyoyin. Hoton ya ɗan ƙara dusa, lokaci kuma ya ragu sosai. Kusan duk na'urar zamani tana yin haka kullum. Wato rediyo ya fi shekara ashirin yana ɗaukar wani kaso na aikin nuna wuri, kuma mintocin da aka rage wa jikarsa a ƙarƙashin maganin barci da hannunsa a ciki. Sai dai a matsayin mataimaki yake yi, gangaren na nan yana bugawa.

Tambayar da ta biyo baya kowane mai hankali zai yi ta: in kunnen rediyo na iya nuna wuri, me zai hana bakinsa? Wani masani Baturen Ingila, David Hoult, wanda tun 1976 ya nuna tare da Rex Richards a Oxford cewa yadda kwayil ke harbawa haka yake ji, ya yi wannan tambaya a 1979, shekara shida kacal bayan Lauterbur. Shawararsa ita ce a sa ƙarfin igiyar da ake harbawa ya zama shi ne mai gangare. Ƙwayoyin da ke inda igiyar ta fi ƙarfi za su karkata da yawa, na inda take da rauni su karkata kaɗan. A maimaita harbin ana ƙara tsawonsa, sai kowane wuri ya bayyana da irin saurin karkatarsa, lissafin Fourier ya rarrabe su. Tunani ne mai kyau ƙwarai, kuma ya yi amfani a wasu ɗakunan bincike, musamman wajen nazarin sinadaran gaɓoɓi da ƙaramar eriya, amma bai shiga asibiti ba. Yin gangare miƙaƙƙe da igiyar rediyo a faɗin jikin mutum abu ne mai wuya, yanke jiki falle-falle da shi ya fi wuya, kuma a daidai waɗannan shekaru kamfanoni suna ta zuba dukiya wajen kyautata kwayil ɗin gangare. Hanyar da aka share ta fi saurin cika da matafiya.

Takardar da ta hana dattijon barci ta 2010 ce, ta Jonathan Sharp da Scott King, waɗanda a lokacin suke bincike a wata cibiyar gwamnatin Kanada wadda Hoult ma ya koma aiki cikinta a Winnipeg. Sun kira hanyarsu TRASE. Su ba su taɓa ƙarfin igiyar ba, sun bar shi daidai ko'ina. Abin da suka sa ya bambanta daga wuri zuwa wuri shi ne wani abu da malamin ya yi ta fama ya bayyana a Hausa, har dattijon ya katse shi. “Dakta, ka taɓa kallon lugude? Mata biyu a turmi ɗaya, saurin dakansu ɗaya, amma taɓaryar wannan na sama lokacin da ta waccan ke ƙasa. Saurin ɗaya, takun ne ya saɓa.” Daga ranar suka riƙa ce masa taku. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinsa. A tashoshin matsakaicin zango, in ana so a karkata shiri zuwa wata shiyya, turaku biyu ake ba igiya ɗaya, a jinkirta takun ɗaya, sai igiyoyin su ƙarfafa juna ta wannan fuska su kashe juna ta waccan. Ya sha tashi cikin dare gyaran akwatin da ke yin wannan jinkiri.

Sharp da King sun naɗa kwayil ta yadda takun igiyar ke murɗawa sannu a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kamar igiyar da ake tufka. Suka yi biyu, ɗaya mai murɗa dama, ɗaya mai murɗa hagu ko mara murɗi. Akwai wani bugu na rediyo da ya samo asali daga aikin Erwin Hahn na 1950, wanda ke kifar da ƙwayoyi su sake haɗuwa su ba da amsa-kuwwa. In aka riƙa yin wannan bugu da kwayil biyun bi da bi, kowane bugu yana ƙara wa ƙwayoyin murɗi gwargwadon inda suke, kowace amsa-kuwwa kuma ta zo da mataki ɗaya na gaba a cikin awon da dā gangare ke yi. Jerin bugu ɗari ko fiye ya ba da layi cikakke na hoto, ba tare da wani kwayil ya yi rawa ba. Sun gwada a maganaɗisu mai tesla 0.2, daga baya har aka ɗauki hoton wuyan hannun mutum. Akwai kuma wata hanya ta uku da ta dogara da abin da Bloch da Arnold Siegert suka bayyana tun 1940, cewa igiya mai ƙarfi da aka harba a tashar maƙwabta ba ta karkatar da ƙwayoyi, amma tana ɗan ture saurin kaɗawarsu gwargwadon ƙarfinta. Masu bincike a Jamus da Amurka sun yi amfani da wannan turi wajen nuna wuri. Dattijon bai tsaya a kanta sosai ba, zuciyarsa na wajen lugude.

Abin da ya fi sani a duk labarin shi ne farashin, domin akwai tabon ƙuna a yatsansa na dama tun wata rana da ya kusanci wayar eriya ba a kashe tiransimita ba. Igiyar rediyo ba ta ƙara amma tana dafa nama. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta taƙaita abin da jiki zai sha a aikin yau da kullum ga wat 2 a kowane kilo na nauyin mutum. Hanyar da ke bukatar ɗaruruwan bugu masu ƙarfi a jere za ta ƙetare wannan iyaka nan da nan a tesla 1.5. Sai dai zafin yana bin saurin kaɗawa ne ninki a kan ninki: in aka rage ƙarfin maganaɗisu sau goma, zafin bugu iri ɗaya ya ragu kamar sau ɗari. Saboda haka gidan wannan dabara shi ne maganaɗisu mai rauni. A tesla 0.2 ƙwayoyin na kaɗawa a wajen megahas 8.5, tsakiyar gajeren zango, unguwar da ya girma yana kama BBC da Muryar Jamus. A tesla 0.05 kuwa sun sauko kusan megahas 2, dab da saman matsakaicin zango inda ya yi aikinsa duka.

Maganaɗisu mai rauni kuma shi ne mai araha. Ba ya bukatar iskar hiliyom da aka sanyaya zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, ba ya bukatar wutar da ba ta yankewa dare da rana. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura ta kamfanin Hyperfine mai tesla 0.064 wadda ake turawa a kan taya har gadon mara lafiya, a jona ta a soket na bango. A jami'ar kimiyya da fasaha ta Mbarara a Yuganda, tare da masana daga Leiden ta Holan, an harhaɗa wata mai kimanin tesla 0.05 daga ƙananan maganaɗisai masu yawa, da nufin duba jarirai masu taruwar ruwa a kai. Dukansu biyu har yanzu da kwayil ɗin gangare suke aiki. Masu goyon bayan TRASE suna cewa in aka cire gangaren da manyan amfilifayoyinsa, an rage nauyi da kuɗi da cin wuta da ƙara gaba ɗaya. Abin dariya shi ne, cikin waɗanda suka fi ɗaukar maganar da muhimmanci har da Gordon Sarty na jami'ar Saskatchewan, wanda burinsa na'ura ce mara nauyi da za a kai wa 'yan sama jannati. Bukatar mutumin da ke kewaya duniya a sararin samaniya da ta mutumin da ke ƙauye mai nisan awa huɗu da asibiti sun zo ɗaya.

Dattijon ya ɗauki zafi. Ya soma lissafin waya da bututun roba, yana cewa tiransimita mai megahas biyu ai ko da idonsa a rufe zai haɗa. Malamin ne ya yayyafa masa ruwa, kuma ya yi daidai. Ya nuna masa cewa amsar ƙwayoyi tana mutuwa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, a ƙwaƙwalwa ma kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, saboda haka dole a cusa dukkan bugun cikin wannan ɗan lokaci, kowanne gajere, mai ƙarfi, kuma daidai. Kuskure kaɗan a bugu ɗaya yana taruwa a kan na gaba har hoton ya lalace. Kwayil biyu ko uku da aka naɗa ɗaya cikin ɗaya kuma suna satar wutar juna, raba su babban aiki ne. An cire amfilifayar gangare an ƙaro ta rediyo. Kamfanonin manyan na'urori ma ba su zauna ba, sun fito da hanyoyin da ke juya gangaren sannu a hankali har ƙarar ta ragu ƙwarai a wasu nau'o'in hoto. Sannan ya faɗi wadda ta fi ciwo. “Baba Injiniya, ko da an gama ta gobe, ba ita za a sa wa yarinyar nan ba. Abin da ake nema a kan mai farfaɗiya ƙanƙanen tabo ne, wani lokaci bai fi ƙwayar gero ba. Maganaɗisu mai rauni amsarsa mai rauni ce. Zai nuna ruwa ya taru, zai nuna babban ƙari ko jini ya zuba, amma wannan sai mai ƙarfi.”

Dattijon ya yi kwana biyu bai kira shi ba. Akwai wani nau'in rubutu a kan fasaha da ke sayar wa talaka da bege a farashi mai sauƙi, wanda ke kwatanta kowace na'ura mai araha da ceton Afirka, kuma da malamin ya bi wannan salo da hirarsu ta fi daɗi. Gaskiyar da ke ƙasa ta fi wannan ƙanƙanta, ta kuma fi shi amfani. Sa rediyo ya nuna wuri ta fuskar karɓa ya riga ya yi nasara, yana cikin kowane asibiti mai na'urar zamani. Ta fuskar harbawa kuwa yana ɗakin bincike fiye da shekara arba'in bayan takardar Hoult, kuma in ya fito, wurinsa ƙaramin asibiti ne inda tambayar likita ita ce ko a tura mara lafiya birni yau ko a jira. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san abin da tafiyar birni ke ci, sai dai ba shi ne abin da dattijon ya so ji ba.

Sakamakon hoton ya fito. Babu ƙari. Akwai wani ɗan wuri a gefen hagu da likitan ya ce bai tayar masa da hankali ba, amma yana so a sake dubawa bayan wata shida. Uwar yarinyar ta tambaya ko dole a sake sa ta barci. Likitan ya ce in za ta iya kwanciya minti ashirin ba motsi, babu bukata, kuma akwai asibitocin da ke koya wa yara hakan da na'urar wasa kafin ranar.

Da suka dawo gida dattijon ya buɗe shagonsa da ya daɗe a rufe. Ya zaro wata tsohuwar lasifika mai faɗin faranti da amfilifayar da ya taɓa gyara wa masallacin unguwa ba a zo karɓa ba. Malamin ya aiko masa da sautin na'urar da aka naɗa. Ya kifa babban kwali a kan tabarma, ya huda shi ta gefe biyu, ya ɗaura lasifikar a samansa. Ranar farko ya kunna ƙasa-ƙasa, shi ya fara shiga, ƙafafunsa a waje, yarinyar na tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Rana ta huɗu ta yarda ta shiga, da sharaɗin shi ma ya toshe kunnensa da auduga. Yana riƙe da ƙafarta da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan maɓallin ƙara, agogo a gabansa. A makon nan ta kai minti bakwai.